Tsarin dizayin ga masu haɗa manhaja ba tare da kod ba: tambayoyin da aka fi yi mini

Tun da na fara haɗa wa mutane manhaja da Bubble da FlutterFlow, wato dandalolin da ake gina manhaja a kansu ba tare da rubuta kod ba, tambayoyi kusan iri ɗaya ke ta dawo mini, musamman daga ƙannenmu da suka gama koyon jawo abu su ajiye a allo, suka haɗa manhajarsu ta farko, sai kuma suka ga tana aiki amma ba ta da fasali. Shi ne na ce bari in tattara amsoshin wuri ɗaya in huta da maimaici.

Wai mene ne ma tsarin dizayin ɗin nan da ake ta magana?

Ka taɓa tsayawa a wurin masu buga bulo? Mazubi ɗaya ne, ko inci tara ko inci shida, duk bulon da ya fito girmansa ɗaya, shi ya sa magini baya tsayawa auna kowane bulo kafin ya ɗora. To tsarin dizayin shi ne mazubinka. Ka zauna sau ɗaya ka yanke shawara: kalolin manhajar nan su ne kaza da kaza, girman rubutu kaza, tazara tsakanin abubuwa kaza, maɓalli ga kamarsa, akwatin cike bayani ga kamarsa, sannan ka ajiye su a wurin da duk shafukan za su riƙa ɗauko su daga can. Abin da ya sa ya zama tsari ba tarin kwalliya kawai ba shi ne wannan: idan ka canza abu a wuri ɗaya, ya canzu a ko'ina. In ba haka ba, to ba ka da tsari, hoto kawai kake da shi.

Manyan kamfanoni duk suna da nasu. Google ya fitar da Material Design a 2014, Shopify na da Polaris, IBM na da Carbon, har gwamnatin Birtaniya tana da nata da ake gina shafukan GOV.UK da shi. Amma kar girmansu ya tsorata ka, su mutane da yawa ke aiki a kai, kai naka zai iya shiga shafi guda.

Ai Bubble da sauransu suna zuwa da nasu salon, me zai sa in wahalar da kaina?

Suna zuwa da shi kam, amma kuma suna barin ka ka ɓata shi cikin sauƙi, nan matsalar take. Ka danna maɓalli ɗaya, ka ga kalar ba ta maka ba, ka canza ta nan take a jikinsa, gobe ka kwafe shi zuwa wani shafi ka ɗan ƙara masa faɗi, jibi ka kwafe wancan ɗin kuma, kafin wata biyu kana da maɓalli iri goma sha wani abu kuma duk kai ka yi su da hannunka.

Ni abin ya taɓa cin ni. Na yi wa wani mai sayar da kayan gini manhaja, shafi kusan arba'in, mun gama har an fara amfani da ita, sai ya kira ni wai ya canza tambarin shagonsa daga shuɗi zuwa kore, a mayar masa da komai kore, "ai ba wani aiki ba ne ko?" Wallahi kwana uku na yi ina bin shafi ɗaya bayan ɗaya, kuma bayan sati biyu sai ga shi ya turo min hoton wani maɓalli shuɗi da ya ɓuya a cikin saƙon da ke fitowa in mutum ya manta faswod. Da a ce na ɗaure kalar a wuri ɗaya tun farko, aikin minti biyu ne. Tun daga ranar ban ƙara taɓa kalar wani abu a jikinsa kai tsaye ba.

To daga ina zan fara?

Ba daga maɓalli ba. Fara daga abubuwan da ba a ganinsu su kaɗai: kala, rubutu, tazara, lanƙwasar kusurwa, inuwa. Bayan su sai ƙananan bulo, wato maɓalli, akwatin rubutu, alama, ɗan hoto mai zagaye. Bayan su sai manyan bulo da aka haɗa da ƙananan, kamar katin kaya ko saman shafi ko fom ɗin shiga. Wani mai dizayin ɗan Amurka, Brad Frost, shi ya yaɗa wannan tunani na hawa-hawa a 2013, ya kwatanta shi da yadda ƙwayoyin zarra ke haɗuwa su zama babban abu. Ba sai ka haddace sunayen matakansa ba, abin riƙewa dai shi ne ƙarami ake fara gyarawa, babba ya gaji gyaran.

Kuma don Allah kar ka zauna sati biyu kana gina bulon da ba ka san ko za ka buƙace shi ba. Zana shafuka uku mafi muhimmanci na manhajar tukuna, duk abin da ka ga ya maimaitu a cikinsu shi ne zai shiga tsari.

Ina jin ana cewa token, mene ne shi kuma?

Token suna ne kawai da ka laƙaba wa wata ƙima. Maimakon ka riƙa rubuta lambar kala irin #1A7F4B a wuri ɗari, sai ka ba ta suna, ko'ina sunan kake kira. Mutanen Salesforce ne suka fito da kalmar wajajen 2014, yanzu kusan kowane dandali yana da irinsa ko da sunan ya bambanta.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne wajen raɗin sunan, kuma in za ka ɗauki abu ɗaya tak daga duk rubutun nan, ɗauki wannan: sa wa abu suna da aikinsa, ba da kamarsa ba. In ka kira kalar "shuɗi", ranar da mai manhaja ya koma kore za ka wayi gari da token mai suna shuɗi amma kore ne a ciki, kai ma sai ka rikice balle wanda zai karɓi aikin bayanka. Kira ta babbar kala. Kira wata kalar kuskure, wata kalar nasara, wata rubutu na farko, wata rubutu mai rauni, wata bango, wata layin iyaka. Kamar dai a gida ne, in aka ce "ɗakin baƙi" kowa ya gane ko da an sake masa fenti sau biyar, amma in "ɗaki mai ruwan ɗorawa" ake ce masa to fenti ɗaya ya isa ya ɓatar da mutum.

Haka girman rubutu. Babban kai, ƙaramin kai, rubutun jiki, ƙaramin bayani. Ba "rubutu 22" ba.

Kala nawa ya kamata in yi amfani da su?

Kaɗan. Babbar kala ɗaya, wata mai taya ta in da buƙata, toka-toka kamar huɗu ko biyar daga fari zuwa kusan baƙi, sai ja na kuskure, kore na nasara, ruwan lemo na gargaɗi. Shikenan. Yawancin allon manhaja mai kyau ai fari ne da toka, babbar kalar wurin da kake so yatsa ya je kawai take fitowa.

Sai batun a iya karantawa. Ƙa'idar WCAG, wato ƙa'idar duniya ta yadda za a gina shafin intanet kowa ya iya amfani da shi, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 zuwa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 zuwa 1 ga manyan haruffa. Akwai shafuka kyauta da za ka zuba lambobin kala biyu su faɗa maka. Toka mai lamba #767676 a kan fari shi ne kusan iyaka, duk abin da ya fi shi haske ya faɗi. Kai kana ɗaki da laftof mai allo mai kyau, rubutu mai haske-haske yana maka kyau, amma wanda zai yi amfani da abin yana tsaye a kasuwa da rana tsaka, waya a hannu allon ya tsage, ya rage hasken saboda caji, wannan rubutun naka na gayu ba zai gan shi ba sam. Farin rubutu a kan ruwan ɗorawa kuwa kar ma ka soma.

Kuma kar ka dogara da kala ita kaɗai wajen nuna kuskure, akwai masu wahalar bambance ja da kore, sa ɗan rubutu ko alama a gefe.

Me ya sa kowa ke cewa tazara ta zama 8, 16, 24?

Don ka daina tunani ne. In ka ce tazararka 4, 8, 16, 24, 32, 48 ce kawai a ma'aunin pixel, wato ɗigon allo, to duk sanda za ka raba abu biyu zaɓi shida gare ka, ba za ka tsaya kana gwada 13 da 15 ba. Material Design ma a kan takwas ɗin ya ginu. Abubuwan da suke 'yan gida ɗaya ka matso da su kusa, waɗanda ba su da alaƙa ka nisanta su, ido da kansa zai gane.

Abin da za a danna da yatsa kuma kar ya yi ƙanƙanta. Apple sun ce faɗinsa da tsayinsa su kai 44, Google sun ce 48, ni 48 nake bi tunda yawancin masu amfani da abin da nake ginawa Android ke hannunsu.

Wane font zan ɗauka? Nawa yana ɓata min ƙ da ɗ.

Yawwa, wannan tamu ce. Fonts, wato salon zanen haruffa, da yawa masu kyau ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, to in burauza ta zo kan harafin ba ta same shi ba sai ta aro daga wani font ɗin, shi ya sa za ka ga kalma kamar "ƙarƙashin" haruffa biyu sun fita daban kamar an yi musu faci, wani lokacin ma ɗan akwati ne zai fito. Kafin ka ɗaura aure da kowane font, rubuta jimla mai ɗauke da duka huɗun, manya da ƙanana, da alamar ₦, ka duba ta a siriri da kuma mai kauri, don wani yana da su a ɗaya babu a ɗayan. Noto Sans na Google yana da su, Andika na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ma haka tunda dama don harsuna irin namu aka yi shi.

Font ɗaya ya isa, in ka matsa biyu. Kauri biyu ko uku kawai za ka loda, kowane ƙari data ne mutum zai biya. Rubutun jiki 16, kuma a akwatin cike bayani kar ka sauka ƙasa da 16 ɗin, don Safari na iPhone yana zuƙo allon da kansa in rubutun akwatin bai kai haka ba, shafin duk ya karkace.

Yaya zan gina bulo ɗaya da zai yi aiki a wurare da yawa?

Ka raba abin da ke canzawa da wanda baya canzawa. Ɗauki katin kaya: siffarsa, tazararsa, inda hoto yake, inda farashi yake, duk a kulle suke. Hoton, sunan, farashin, da abin da zai faru in an danna, su ne ƙofofin da ka bari a buɗe, kowane shafi ya zuba nasa. In ka ga kana buɗe ƙofa goma sha biyar a bulo ɗaya don ya dace da ko'ina, to bulo biyu ne ka matse wuri ɗaya, raba su.

Sannan kowane bulo yana da yanayi fiye da ɗaya, kuma nan ne ake gane wanda ya ƙware. Maɓalli yana da yadda yake a zaune, in an danna, in an kashe shi, da in yana jiran amsa. Na ƙarshen nan yana da muhimmanci sosai a wurinmu, netwok ya tsaya, mutum ya danna "Biya" bai ga komai ya motsa ba, ya sake dannawa, ya sake, kaga an shiga rigimar kuɗi. In maɓallinka na tsari yana kulle kansa ya nuna yana juyawa da zarar an taɓa shi, ka magance wannan a duk manhajar lokaci ɗaya. Jerin kaya ma haka: me zai nuna in babu komai a ciki, me zai nuna yana lodi, me zai nuna in abin ya ƙi. Allo fari fat ba amsa ba ce, mutum zai ɗauka manhajar ta lalace ne.

Gwaji kuma da bayanan gaske za ka yi shi. Sa dogon suna irin su Abdurrahman da sunan uba da na kaka, sa farashi mai miliyoyi, sa kayan da ba shi da hoto, sa rubutun Hausa a maɓallin da ka auna da gajeriyar kalmar Turanci ka ga ko zai ɗauka. Ka matse allon zuwa faɗin 360, wanda shi ne na wayoyin Android da yawa, in da hali ma ka ari Tecno ko itel na wani ka buɗe a ciki, abin da za ka gani zai ba ka mamaki.

Dole sai na fara zanawa a Figma?

A'a. In kai kaɗai ne kuma aikin ƙarami ne, gina shi kai tsaye a dandalin, ka buɗe shafi ɗaya na ɓoye ka jera duk bulonka a ciki, wannan shafin shi ne kundinka. Figma, wato manhajar da ake zana kamannin allo a ciki kafin a gina, tana da amfani in ku biyu ne ko fiye, ko in mai aikin yana son ya gani ya amince kafin a fara gini. Tun 2023 ma ta kawo Variables, za ka iya ajiye token ɗinka a can. Sharaɗi ɗaya ne: sunan da ke Figma shi ne sunan da ke dandalin, harafi da harafi. In ba haka ba kana da tsari biyu da kullum suke faɗa da juna.

A ina ake ajiye waɗannan abubuwa a kowane dandali?

A Bubble, wanda Emmanuel Straschnov da Josh Haas suka kafa a 2012, akwai sashen Styles, nan za ka ajiye kaloli da fonts da salon kowane irin abu, manyan bulo kuma su ne Reusable elements. Abin lura, Bubble zai bar ka ka take salon a jikin abu ɗaya, kuma wannan 'yancin shi ne tarkon.

Webflow, na 2013, ya fi kusa da ainihin CSS, wato yaren da ake tsara kamannin shafin intanet da shi, komai da aji (class) yake tafiya, wato salo mai suna da ake laƙaba wa abubuwa, sai Components da Variables. Matsalarsa in ba ka raɗa wa aji suna ba shi zai raɗa masa, sai ka buɗe aikin wani ka tarar da Div Block 147, ba ka san na mene ne ba kuma kana tsoron gogewa. Shi ya sa mutane da yawa ke bin tsarin suna na Client-First da kamfanin Finsweet ya fitar. Ko ba ka bi nasu ba, ka samu naka ka tsaya a kai.

FlutterFlow, da wasu tsofaffin injiniyoyin Google biyu suka fara a 2020, ni a ganina shi ya fi saukin kamawa ta wannan fannin, don yana buɗewa da guraben kala da an riga an sa musu suna bisa aiki, na farko, na biyu, rubutu, bango, kuskure, nasara, kowanne da na haske da na duhu. Cike guraben kawai za ka yi, sannan ka hana hannunka zaɓen kala daga waje.

Glide da Softr kuwa ba su ba ka wuri da yawa ba, ka zaɓi kala da 'yan abubuwa su ƙarasa sauran. Wasu na ganin takura ce, ni kam ga sabon shiga ina ganin rahama ce, da wuya ka yi abu mummuna a ciki. Tsarinka a can ya koma na shawara: wane irin jeri ake amfani da shi ga wane irin bayani, wace kalma ake rubutawa a maɓalli.

Kalma ma tana cikin tsari?

Sosai ma. In wani shafi ya ce "Ajiye", wani "Adana", wani "Tura" kuma duk aiki ɗaya suke yi, ka rikita mutum. Rubuta ɗan jerin kalmominka ka manne musu.

Zan iya ɗaukar tsarin da na gina in kai wani aikin?

Ai ribar kenan. Ka yi manhaja ɗaya wadda babu komai cikinta sai tsarin, token da bulo da shafin shiga da na rajista da na manta faswod, duk sabon aiki ka kwafe ta ka canza babbar kala da font da tambari, ka ga ka tsallake kwanakin farko. Amma daga dandali zuwa wani dandali bulo baya tafiya, na Bubble ba zai shiga Webflow ba. Abin da ke tafiya shi ne shawarwarin da sunayen, don haka ka rubuta su a takarda ɗaya a waje, ko Google Docs ne ma.

Wani abu da ba a faɗa maka: kwafi baya bin uwarsa. In ka gyara kuskure a uwar bayan ka kwafa sau biyar, waɗancan biyar ɗin suna nan da kuskurensu sai ka bi su. Saboda haka nake rubuta kwanan wata da abin da na canza a saman shafin kundin, in san wane aiki ne aka cira daga wane zubi.

Yanayin duhu fa?

In ka raɗa suna bisa aiki, rabin aikin ya ƙare, kowane token ka ba shi ƙima ta biyu. In kuma "fari" da "baƙi" ka kira su, Allah ya ba da haƙuri. Kar dai ka juya kalolin kawai, babbar kalar da ta yi kyau a kan fari sau da yawa sai an ɗan haskaka ta a kan duhu, a sake auna bambancin. Kuma in ba wanda ya nema, bar shi zuwa gaba.

Idan manhajar za ta ɗauki Larabci ko ajami?

To tun ranar farko za ka sa wannan a rai, don rubutun daga dama yake farawa kuma ba rubutun kaɗai ke juyawa ba, kibiyar komawa baya, wurin alama a cikin maɓalli, jerin menu, duk sai sun juya. Ka saba tunanin "farko" da "ƙarshe" maimakon hagu da dama. Flutter, wanda a kansa aka gina FlutterFlow, ya iya wannan juyin da kansa in an saita harshen, a sauran kuwa sai ka gwada bulo ɗaya-ɗaya. Tsayin layi ma a ƙara, saboda wasulan sama da ƙasa suna son wuri, musamman ajami da ake cika masa wasali.

Mai aiki ya dage sai an canza maɓalli ɗaya tak ya bambanta da saura, ya zan yi?

Ka tambaye shi dalili cikin ladabi, "Alhaji me kake so mutum ya yi a wurin nan?" Sau da yawa so yake abin ya fi fitowa, kuma ana iya samun haka ta hanyar rage hayaniyar da ke kewaye da shi ba tare da an ƙirƙiro sabuwar kala ba. In kuma ya dage, kuɗinsa ne, yi masa, amma ka yi shi a matsayin sabon nau'i a cikin tsarin, mai suna, ba faci a jikin shafi ba. Ka'idata ita ce abu in ya fito sau ɗaya zan iya kawar da kai, in ya fito na biyu ina sa masa ido, na uku ya shiga tsari.

Manhajata ta riga ta hargitse, in rushe in sake ne?

Kar ka rushe, mutane na amfani da ita. Ɗauki hoton kowane shafi ka jera su wuri ɗaya, ka ƙirga maɓalli iri nawa gare ka, toka iri nawa, girman rubutu nawa. Za ka ji kunya, kowa ma ya ji. Daga cikinsu zaɓi waɗanda za su rayu, ka mayar da su token da salo, sannan ka fara da kala da rubutu tunda su suka fi saurin gyaruwa kuma su aka fi gani. Bayan nan shafin da aka fi shiga, sai mai bi masa. Sauran kuma duk ranar da wani aiki ya kai ka shafi, ka gyara shi kafin ka fita. Ka yi gyaran a kwafin gwaji ba a kan wadda ke hannun mutane ba, kuma kar ka goge tsohon salo sai ka tabbata babu abin da ke jingine da shi, don irin saƙonnin nan masu ɓuya, na manta faswod da na "ka tabbata za ka goge?", su ne kullum ake mantawa da su.